ƘARAMIN AKWATIN WAYAR ISKA MAI AIKI DA LISSAFI: BAYANI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU



A ƙasar nan babu mai koya wa wani abin da a ke kira rediyo. Tun 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara magana daga Landan, da kuma 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, akwatin rediyo ya zama abokin hirar mai gida da makiyayi da mai shayi. Amma wannan akwati na ji ne kaɗai, ba ya mai da amsa. Akwai wani iri dabam wanda ya ke ji, ya kuma yi magana, har mai shi ya gaisa da wani mutum a Italiya ko a Barazil ba tare da ya bi ta kan wani kamfanin waya ba. A dā irin wannan akwati ya kan cika tebur, wani ma sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Yanzu kuwa ya ƙanƙance, har akwai wanda ya ke shiga aljihun riga.

A ce wata safiya dagaci ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, malamin makarantar nan da aka kawo mana ya ɗaura wata waya daga darbejiya zuwa katanga. Kullum dare sai a ji yana kiran baƙaƙe da lambobi cikin Turanci, wani kuma yana amsa masa daga cikin akwati. Mutane sun fara ƙananan maganganu." A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali, maganar ba ta wasa ba ce. Idan hakimi ya yi gaggawa, yana iya sa a wulakanta mutumin kirki mai takardar izni a hannu, ko ma jama'a su far masa. Idan kuma ya yi sakaci, yana iya ƙyale wanda ba shi da izni ya yi ɓarna a ƙasarsa. Maganin duka biyu shi ne hakimi ya san abin, ya kuma san tambayar da zai yi.

SU WANE NE MASU SHA'AWAR WAYAR ISKA?

A 1901 ne Markoni ya ba da labarin cewa ya ji alamar da aka aiko ta iska daga Ingila zuwa gaɓar da ke ƙasar Kanada a yau. Ba a daɗe ba sai samari a Amurka da Turai suka shiga ƙera nasu akwatunan a gida, don sha'awa kawai. Da suka yi yawa har suna damun jiragen ruwa, sai Amurka ta yi doka a 1912 ta kore su zuwa gajeren zango, watau mita 200 zuwa ƙasa, domin a lokacin ana zaton wannan zango ba shi da wani amfani. Ashe an ba su daji ne mai albarka. A watan Nuwamba 1923 wani mai sha'awa a birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da wani a Amurka a kan gajeren zango, teku kuwa na tsakaninsu. Saboda haka zangon da mu ke jin labarun duniya a kansa, waɗannan mutane suna cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya darajarsa.

A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Faris, shi ya sa su ke bikin ranar 18 ga Afrilu ko wace shekara. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda mazauninta ke Janiba, ta keɓe musu wurare a cikin zango, ta kuma bayyana su da cewa mutane ne masu izni, masu neman sanin aikin rediyo don kansu, ba don neman kuɗi ba. A Amurka kaɗai masu wannan lasisi sun haura 700,000. Ba kuwa sha'awar yara ba ce. Sarki Husaini na Jodan, wanda ya rasu a 1999, yana cikinsu, lambar kiransa JY1. Haka kuma Rajib Gandi, wanda ya yi Firayim Ministan Indiya, lambarsa VU2RG.

Ko wane mai lasisi yana da lambar kira tasa shi kaɗai, kamar yadda ko wace mota ta ke da lamba. Farkon lambar shi ke nuna ƙasa. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G, ta Kamaru TJ, ta Cadi TT, ta Sudan kuwa ST. Baƙaƙen nan da dagaci ya ji ana kira da dare, yawanci su ke nan.

YADDA MAGANA KE TAFIYA A ISKA

Idan aka jefa dutse a tafki, ruwa ya kan yi tozo-tozo yana bazuwa. Haka wutar lantarki ke yi idan aka sa ta kai da komo da sauri cikin waya, sai dai ita kaɗawarta tana tafiyar kilomita 300,000 a sakan guda. Kaɗawa dubu a sakan ita a ke kira kilohaz, kaɗawa miliyan kuwa megahaz. Wanda ya ke son sanin mita, sai ya raba 300 da yawan megahaz. Megahaz 6 ya ba da 50, watau kusa da mita 49 ɗin nan da masu sauraro suka saba ji ana ambata. Daga cikin wuraren da aka keɓe wa masu sha'awa a nahiyarmu akwai megahaz 7 zuwa 7.2, wanda su ke kira mita 40, da 14 zuwa 14.35, watau mita 20, da 28 zuwa 29.7, watau mita 10.

Can sama, kamar kilomita 200 zuwa 400 daga ƙasa, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke canja halinsa, har ya riƙa lanƙwaso kaɗawar gajeren zango yana mai da ita ƙasa. Saboda haka magana ta kan tashi daga nan, ta tsallake garuruwan da ke kusa, ta sauka a wata ƙasa mai nisa. Shi ya sa mutum a Kano zai ji mutumin Sifen raɗau, amma ya kasa jin na Bauci. Halin wannan rufi yana juyawa tsakanin dare da rana, yana kuma bin ƙarfin rana, wanda ke hawa da sauka duk kamar shekara 11. A watan Oktoba 2024 masana a Amurka suka ba da sanarwar cewa rana ta shiga lokacin ƙarfinta na wannan zagaye.

TSOHON AKWATI DA SABO

Eriya ba ta zaɓe. Duk abin da ke yawo a iska tana kwasowa a haɗe, kamar hayaniyar kasuwa. Aikin akwati shi ne ya tsamo murya guda daga cikin hayaniyar nan, ya ƙara mata ƙarfi, ya mai da ita sautin da kunne zai ji.

A tsohon akwati, ko wane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da nasa ƙarfe. Akwai naɗaɗɗun wayoyi na zaɓen zango, akwai mataci na tace murya, akwai wani sashe dabam na fito da sauti. Ranar da aka ƙera shi aka yanke iyakar abin da zai iya. Matacinsa kamar rariya ce wadda maƙeri ya huda: idan kana son mai ƙananan huji, sai ka sayi wata.

Sabon akwati ya bi wata hanya. Malamai za su fi kowa saurin gane ta. A ce an kafa sanda mai lambobi a gindin gada, aka sa malami yana duba tsayin ruwa ko wane awa yana rubutawa a littafi. Bayan wata guda, wanda bai taɓa zuwa bakin kogin ba zai iya buɗe littafin ya faɗi ranar da ruwa ya hau, da ranar da ya sauka, da saurin hawansa. Kogi ya koma lambobi ke nan. To, a cikin sabon akwati akwai wani ɗan ma'auni wanda bai fi farce ba, yana auna wutar da eriya ta kawo yana mai da ita lambobi. Ƙa'idarsa ita ce sai ya auna fiye da sau biyu a cikin ko wace kaɗawa, in ba haka ba littafin zai yi ƙarya. Watau idan ana son a kama dukan gajeren zango har megahaz 30 kai tsaye, sai an yi awo fiye da sau miliyan 60 a sakan guda. Waɗansu akwatuna masu araha su kan fara sauko da kaɗawar ƙasa tukuna, sa'an nan su auna ta a hankali, amma manufar ɗaya ce.

Da zarar kaɗawa ta koma lambobi, sauran aiki lissafi ne: tarawa da ɗebewa da ninkawa. Wata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikin akwatin ita ke yin lissafin, tana bin umurnin da aka rubuta mata. Wannan rubutaccen umurni shi a ke kira manhaja. Idan za a yi magana kuma sai a juya aikin: muryar da ta shiga makirfo ta koma lambobi, lissafi ya shirya ta, a mai da ita wuta, a ƙara mata ƙarfi, ta fita ta eriya. Turawa sun taƙaita sunan wannan iri da baƙaƙe uku, SDR, kuma a kan gan su a jikin akwatin ko a takardarsa. Ma'anarsu rediyon da manhaja ce ta ke yanke irin aikinsa.

Amfanin wannan a fili ya ke. Rariyar lissafi ana iya matse hujinta ko a buɗa shi da juya maɓalli guda. Maganar baki tana bukatar faɗin kamar kaɗawa 2,400, bugun tangaraho irin na Mos kuwa 500 ya ishe shi, ko ƙasa da haka, duk kuma akwati guda zai yi. Yawancinsu suna da ɗan allo mai nuna yanki guda na zango gaba ɗaya, ko wace tasha ta fito kamar zare mai haske yana gangarowa, har mutum ya ga mai magana kafin ya ji shi. Babban abu kuma shi ne akwatin yana koyon sabon aiki bayan an saye shi. Maƙeransa su kan gyara manhaja su sa a intanet, mai akwati ya ɗauko ya zuba, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba.

YADDA YA ƘANƘANCE

Wannan dabara daga wajen soja ta fara ƙarfi. Sojan Amurka suna da akwatuna iri-iri waɗanda ba sa jin juna, sai suka nemi guda wanda zai iya kwaikwayon sauran. Wani injiniya mai suna Joseph Mitola ya rubuta takarda a 1992 wadda ta yaɗa sunan abin da manufarsa. A 2003 kamfanin FlexRadio na jihar Tekzas ya fito da SDR-1000 domin masu sha'awa, amma shi sai an haɗa shi da babbar kwamfuta, ita ke yin lissafin.

A 2012 abu biyu suka faru. Na farko, waɗansu masu bincike suka yaɗa cewa wani ɗan abin kallon talabijin da a ke soka wa kwamfuta, mai kamar girman yatsa, wanda kuɗinsa bai wuce dala 20 ko 30 ba, ana iya sa shi ya miƙo lambobin nan tsagwaronsu. Nan da nan ɗalibai ko'ina a duniya suka sami akwatin ji mai araha. Shi ba ya magana, ji kaɗai ya ke yi. Na biyu, kamfanin Elecraft na Kalifoniya ya fara sayar da KX3, akwati mai ji da magana wanda ya haɗa ƙwaƙwalwarsa a cikinsa, ana iya riƙe shi a hannu. A 2016 suka fito da ƙanensa KX2, wanda nauyinsa bai kai rabin kilo ba. A wannan shekara kuma IC-7300 na kamfanin Icom na Japan ya bazu a kasuwa. Shi na tebur ne, mai ƙarfin wat 100, yana auna kaɗawa kai tsaye, shi ne kuwa ya sa wannan dabara ta zama ruwan dare a ɗakunan masu sha'awa. A 2020 kamfanin ya biyo da IC-705, mai nauyin kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, wanda ke ba da wat 5 da batirin jikinsa, wat 10 idan an haɗa shi da batirin waje. Kamfanonin ƙasar Sin, irin su Xiegu, su ma sun shigo da nasu masu sauƙin kuɗi.

Akwai kuma waɗanda a ke sayarwa a warwatse cikin leda, mai saye ya zauna ya harhaɗa da hannunsa. Misali shi ne QMX na kamfanin QRP Labs, wanda ya fito a 2023. Yana shiga aljihu, ƙarfinsa kamar wat 5. Da farko bugun Mos da saƙon kwamfuta kaɗai ya ke aikawa. A 2025 aka fito da sabuwar manhaja, sai ga akwatin da aka saya bebe yana ɗaukar maganar baki. An ambaci sunayen nan ne domin malamai su gane su idan sun gani a rubuce, ba domin talla ba.

Mai karatu zai ce, me wat 5 zai yi, alhali manyan gidajen rediyo na gajeren zango suna aiki da wat 100,000 har zuwa 500,000? Gaskiya ne wat 5 bai fi ƙarfin ƙaramin ƙwan lantarki ba. Amma gidan rediyo yana so ne kowa ya ji shi da ƙaramin akwati, ko wace rana, a lokaci guda. Mai sha'awa kuwa yana jiran sa'ar da sama ta buɗe, wanda zai ji shi kuma ya kasa kunne da eriya mai kyau. Ban da haka, lissafi ya fi kunne ji. A 2017 Joe Taylor, masanin taurari wanda ya sami lambar Nobel a 1993, tare da abokin aikinsa Steve Franke, suka fito da wata hanyar aika gajeren saƙo mai suna FT8. Wannan ya yi aike na sakan 15, wancan ya amsa a sakan 15 na gaba, kwamfuta kuwa tana tsamo saƙon ko da ya nutse cikin shuu ɗin iska har kunnen mutum ba ya jin komai. Da wannan hanya ƙaramin akwati ya kan ƙetare teku. Saboda haka idan an tarar da mutum zaune shiru gaban akwati, ba magana, sai lambobi ke sauka a allo, mai yiwuwa abin da ya ke yi ke nan.

ABIN DA LISSAFI BAI KAWAR BA

Akwati ya ƙanƙance, amma eriya tana nan yadda ta ke, domin tsawonta yana bin tsawon zango. Wadda aka fi yi ita ce waya mai rabin tsawon zangon: kamar mita 20 domin zangon mita 40, kamar mita 10 domin zangon mita 20. Shi ya sa wayar ce jama'a ke fara gani kafin akwatin.

Ma'aunin nan kuma yana da iyaka, kamar mudu. Idan akwai tasha mai ƙarfi ƙwarai a kusa, sai ya tumbatsa, lambobi su rikice. Ƙananan cajoji marasa kyau, da waɗansu na'urorin wutar sola, da waɗansu ƙwayayen lantarki, su kan cika iska da ƙara har su toshe masa kunne, shi ya sa ƙauye ya fi birni daɗin sauraro. Zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa yi masa daɗi. Idan ya lalace kuma gyaransa da wuya, domin kayan cikinsa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ba kamar tsohon akwati da mai gyaran kasuwa ya saba da shi ba.

Abin da ya fi shafar hukuma shi ne wannan: a akwatuna da yawa shingen da ke hana su fita daga zangon masu sha'awa ba shi da wuyar cirewa ga wanda ya san hanya. Wanda ya cire shi ya yi aike a inda ba a ba shi ba, yana iya shiga maganar jiragen sama ko ta jami'an tsaro. Ƙanƙantar akwati ba ta rage nauyin wannan laifi.

RANAR DA WAYA TA YANKE

Wayar salula tana dogara ga hasumiya, hasumiya kuma tana dogara ga wuta da mai. Akwatin da mu ke magana a kansa ba ya bukatar komai sai batir mai bolt 12, irin na babur, da waya, da itacen da za a rataya ta. Faifan sola ƙarami ya isa ya riƙa cika batirin. Idan aka rataya wayar ƙasa-ƙasa a zangon mita 40 ko mita 80, kaɗawa ta kan miƙe sama ta zubo a kewaye, ta game ƙasa mai faɗin kilomita ɗaruruwa, ko da akwai duwatsu a tsakani.

An ga amfanin masu sha'awa a zahiri. A ranar 26 ga Disamba 2004, da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka auka wa tsibiran Andaman na Indiya, akwai waɗansu masu sha'awa da suka je can da izni domin gaisawa da duniya. Nan take suka bar wasa suka koma isar da saƙon hukuma da na iyalai. A 2017, da guguwa ta rushe hanyoyin sadarwa a tsibirin Fotoriko, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka ta nemi masu sa kai daga cikinsu, aka tura su da akwatunansu. Abin da a dā sai an ɗauko a mota, yau mutum guda zai sa a jaka ya hau kwalekwale da shi.

Sai dai a bambanta masifa da umurnin hukuma. A watan Mayu 2013 an rufe layukan salula a Barno da Yobe da Adamawa, a watan Satumba 2021 kuma aka rufe a Zamfara, daga baya da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk saboda tsaro. Inda Gwamnati ta rufe ƙofa da gangan, ba daidai ba ne a nemi mai akwati ya buɗe taga. A irin wannan hali shi da hakimi duka sai su bi abin da jami'an tsaro suka ce.

ABIN DA DOKA TA CE

Rabon zango aikin Gwamnatin Tarayya ne bisa tsarin mulkin ƙasa. Tun Dokar Wayar Iska ta 1961 aka hana kowa ya kafa tashar aikawa ko ya yi aiki da ita sai da lasisi. Saboda haka hakimi ba ya ba da wannan izni, ƙaramar hukuma ma ba ta bayarwa. Sayen akwati a kasuwa kuma ba lasisi ba ne.

Bisa ƙa'idar duniya, sai an tabbatar mutum ya san aikin kafin a ba shi lasisi, ko da ya ke tun 2003 an bar wa ko wace ƙasa ta zaɓa ko za ta tilasta sanin bugun Mos. Dole ya riƙa faɗin lambar kiransa a kai a kai. An hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa, watau duk mai akwati yana iya jin abin da ya ke faɗa. Ba a ciniki a wannan zango, ba a karɓar lada. Ba kuma gidan rediyo ba ne, saboda haka ba wurin sa waƙa ko talla ko jawabin siyasa ga jama'a ba ne. Mai son wannan sai ya nemi lasisi dabam daga hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992.

Kada kuma a haɗa shi da oba-oba ɗin hannu irin na 'yan sintiri da masu gadi. Wannan a kan kansa kilomita kaɗan ya ke zuwa, shi ma kuwa yana da nasa hukunci a doka.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMI

1. Idan labari ya zo, a hana jama'a ɗaukar doka a hannu. A kira mutumin cikin mutunci, a tambaye shi.

2. A nemi ganin lasisinsa. Malami ya rubuta sunan da ke jiki, da lambar kira, da hukumar da ta bayar, da ranar ƙarewarsa. Baƙo daga wata ƙasa sai ya nuna iznin ƙasar nan, na ƙasarsu kaɗai bai isa ba.

3. A nemi ganin littafin aikinsa. Yawancinsu suna rubuta rana da lokaci da zango da lambar wanda suka gaisa da shi, a takarda ko a kwamfuta. Idan malami ya ga lokacin ya saɓa da awa ɗaya, kada ya yi zargi, domin da agogon duniya su ke rubutawa, namu kuwa yana gabansa da awa guda. Da yawa kuma suna da katunan shaida da su ke aika wa juna.

4. A duba inda wayar ta bi. Kada ta kusanci wayar lantarki, kada ta ƙetare hanya ƙasa-ƙasa, kada a ɗaura ta a itacen wani sai da yardarsa. Yara kada su taɓa ta lokacin aike, domin tana ƙuna. Idan hadari ya taso da damina, a cire ta daga jikin akwati saboda tsawa.

5. Idan ba shi da lasisi, a ce ya dakatar da aike, a sanar da 'yan sanda da ƙaramar hukuma, a kuma rubuta wa fadar Sarki. Kada a fasa akwati, kada a ɓoye shi a gidan hakimi. Idan takardar ta yi shakka, su jami'an ne za su tantance.

6. Idan takardunsa sun cika, a shaida wa dagaci da masu unguwa domin maganganu su mutu. A rubuta sunansa cikin littafin gunduma tare da na ma'aikatan lafiya da masu jiragen fito, waɗanda a ke nema ranar ambaliya. Idan ya yarda, a roƙe shi ya nuna wa 'yan makaranta, domin a wannan ɗan akwati yaro zai ga amfanin lissafin da a ke koya masa a aji, zai kuma ji muryar ƙasar da ya sani a taswira kaɗai.

Dogon waya a kan itace ba shaidar laifi ba ce, ba kuma shaidar gaskiya ba ce. Takarda ita ce shaida. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ana roƙon malamai su karanta wa dagatai da masu unguwa wannan bayani a zaman majalisar gunduma, su kuma adana shi cikin fayil domin ranar bukata.

Allah ya ja zamanin iyayenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.